Babanmu da Turakun Bakin Dogo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba ya koma wata Laraba da hantsi, damina tana tsakiyarta. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, maza suka dawo da jar laka a takalmansu, suka zazzauna a ƙofar gidanmu na Ƙofar Wambai.

Mu biyu Allah ya bar masa, duk mata, kuma ni ce babba. Don haka ni aka ajiye kusa da Inna ina amsa gaisuwa a madadinta, ita bakinta ya mutu. Tagar ɗakin tana kallon waje, duk abin da ake faɗa a rumfar maza yana shigo mana. Na ji ana cewa, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki." Na ji wani ya ce, "Ko allurar mutum bai taɓa ɗauka ba." Na gane muryar. Maƙwabcinmu ne na hannun dama, wanda a shekarun baya ya yi sallama a wannan ƙofar, ya karɓe makullin masallacin unguwa daga hannun Baba, wai don a hutar da shi.

Goggo, yayar Baba, ta iso daga Miri a bayan babur, zaninta ya jiƙe har gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a soro ta saurari yabon da ake zubawa, sannan ta shigo ta zauna, ta ce da ƙarfin da na tabbata ya fita ta tagar nan, "Ikon Allah! Ashe suna da baki. Ni na ɗauka duk unguwar nan bebaye ne."

Mata suka hau ba ta haƙuri. "Goggo, yau ba ranar magana ba ce."

Ta ce, "Ai ranar maganar ta zo ta wuce, kuna zaune."

Rumfar da mazan ke ciki, da kujerun roba, da shinkafar da aka yi ta saukewa tukunya bayan tukunya, duk mijin ƙanwata ne ya kawo. Shi ne a gaba wajen karɓar gaisuwa, cikin farar shadda, yana share ido da hannun riga. Kowa na cewa Malam ya yi dacen suruki. Inna ba ta taɓa shinkafar nan ba. Ni ma ban taɓa ba.

Mutum ɗaya ne bai shiga rumfar ba, wani tsohon Bafulatani abokin Baba da muke kira Baffa. Ya tsuguna can jikin katanga, sandarsa tsakanin ƙafafunsa, yayyafi na sauka a kan malafarsa. Yana nan har aka kira magariba, ya tashi ya tafi.

Saboda jikokin Baba nake wannan rubutu. Waɗansunsu abin da suka fara sani game da kakansu shi ne wani hoto da ya zaga wayoyin garin nan. Ba na so su tsaya a kansa.

Baba ma'aikacin reluwe ne, a sashen waya da sigina. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, abin da ya riƙa ba mu haushi muna yara, don a makaranta kowa tambayarsa ke nan, "Babanku ne direba?" Aikinsa a ƙasa yake, a gefen dogo. Wanda bai sani ba, in ya bi layin, ba abin da zai gani sai ƙarfe biyu da tsakuwa da ciyawa. Amma a gefe, nan da can, akwai 'yan turakun siminti da ba su wuce gwiwa ba, kowanne da kibiya da lamba a jikinsa. Su ke faɗin abin da aka binne a wurin. Mai jan kai, wayar wuta ce a ƙarƙashinsa. Mai shuɗi, bututun ruwa ne da ke zuwa tasha. Mai fari shi ne na Baba, kebul ɗin da tasha ke magana da tasha ta cikinsa, a san jirgi ya taso, a san hanya a buɗe take ko a rufe. Kibiyar na nuna gefen da abin ya kwanta, lambar na faɗin zurfinsa. Sai kuma akwatunan ƙarfe masu ruwan toka, tsaye a kan ƙafafu, kowanne da kwaɗo, inda wayoyin ke fitowa daga ƙasa su haɗu, su sake nutsewa.

Bai taɓa buɗe akwatin nan bai ƙwanƙwasa ba. Sai ya buga murfin da sifana, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida," ya ɗan ja da baya. Ya ce rina na yin gida a ciki, kunama ma haka, kuma ya taɓa tarar da kububuwa ta naɗe a kan batir. Ɗabi'ar ta bi shi har gida. Kabad ɗin ɗakinsa ma sai ya ƙwanƙwasa kafin ya ciro hula. Inna takan ce, "Malam, aljanu ka ba haya a ciki?" Ya ce, "Ladabi ba ya ɓaci."

Yana da wata magana da ba ya rabuwa da ita: "Kafin ka sa diga, sa ido." Asalinta ta leburori ce, masu haƙa kusa da dogo ba su duba turke ba. Amma Baba ya mayar da ita ta komai. In za ki sayi atamfa, in za ki shiga faɗan da ba naki ba, in wani ya zo neman aurenki, maganar ke nan.

Da faɗa suka san juna shi da Baffa. Wata rana Baba ya tarar an tumɓuke masa farin turke, ga sawun jansa a ƙasa har cikin wata gona. Ya bi sawun, ya iske turken ɗaure a wuyan wani bajimi, mai shi kuma yana zaune a inuwa. Baba ba mai ɗaga murya ba ne, amma ran nan an ce har tasha ana jinsa.

Baffa ya bari sai da ya gama, sannan ya ce, "Malam, turke ne fa. Turke kuwa don ɗaure dabba aka yi shi. Ni laifinsa da na gani, bai da ƙarfi."

Baba ya sa shi ya saɓa simintin nan a kafaɗa suka koma. Sai ramin ya ɓace musu, shanu sun tattake wurin. Suka wuni a rana suna nema, suna zagin juna, har matar Baffa ta kawo musu fura suka sha a ƙwarya ɗaya. Daga ranar Baffa ya zama idon Baba. Da yake kullum a bakin dogo yake kiwo, sai ya biyo ta gida da kindirmo a jallo, ya ce, "Malam, farinka na bayan gada ya kwanta," ko, "Yara sun fasa kwaɗon akwatinka na wajen Gombe." Haka suka yi har suka tsufa tare.

Jirgi bai daina zuwa Bauchi rana ɗaya ba. Raguwa ya yi ta yi, kamar ziyarar ɗan'uwan da ya yi arziki, har aka wayi gari ciyawa ta fi dogo tsawo. Baba ya yi ritaya, muka baro kwatas muka dawo gidan gado. Amma bai bar turakun ba. Yakan sayi ɗan gwangwanin fenti, ya ɗaure a bayan kekensa tare da burushi da lauje, ya fita bayan sallar asuba. Ya share ciyawar da ta rufe turke, ya sabunta masa launi, ya fito da kibiyar da lambar. Ba wanda ya sa shi. In ya dawo da farin fenti a yatsunsa, masu zaman majalisa su ce, "Malam, jirgin ya kusa?" a kwashe da dariya.

Shi kuwa ya ce, "Duk ranar da ya dawo, kada ya tarar ba a san inda aka ajiye masa kayansa ba."

A gida ma kunnuwa sun gaji. In ya fara labarin yadda aka shimfiɗa kebul a ƙarƙashin wani kalbati, sai ka ga kowa ya tuna yana da aiki. Mutum ne da cikinsa ke cike da sani, ba mai tambaya.

Sai ga mijin ƙanwata. Sana'arsa sayen kayan gwangwan, yana da fili da sikeli inda 'yan jari-bola ke kawo masa tsohon ƙarfe. Baba bai taɓa raina sana'ar ba. Kowace Juma'a zai zo gaisuwa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a gefen tabarma. Wata rana ya ce, "Baba, na ga waɗansu 'yan turaku a bakin dogo, an ce ku ne kuke musu fenti. Mene ne ma'anarsu?"

Ina cikin soro a ranar. Na ga yadda fuskar Baba ta washe. Ya gyara zama, ya jawo tsinke ya fara zane a ƙasa. Har aka kira la'asar suna nan. Juma'ar gaba ma haka, da wadda ta biyo ta. Kunyar da ke tsakanin suruki da suruki ta kau. Mutumin nan ya riƙa ɗaukar Baba a motarsa suna bin layin, Baba na nuna masa yadda ake karanta kibiya, da inda kebul ke tsallaka dogo ya koma ɗaya gefen. Har akwati ya buɗe masa da tsohon makullinsa, ya nuna masa kaurin wayar da jan ƙarfen da ke cikinta. Ya dawo gida yana gaya wa Inna, "Allah bai ba ni ɗan da zai gaji aikina ba, sai ya ba ni suruki." Mutumin da ya yi shekaru yana cewa a sa ido, ƙishirwar mai sauraro ta rufe masa nasa.

Da rani aka wayi gari an ga rami a gefen dogo, doguwar kwata tun daga bayan tasha har inda ido ya ƙare. An zare kebul ɗin, an buɗe akwatunan an kwashe cikinsu. Ramin bai karkace ko kaɗan ba. Daga farin turke yake tafiya zuwa farin turke, kowanne da sabon fenti yana ƙyalli.

Wa ya san hanyar wayar? Wa ya yi fentin? Wa ke da makulli? Masu kaki ba su sha wahalar bincike ba. Bayan azahar suka zo, suka ɗauke shi a ƙofar masallaci, jama'a na kallo. Suka zaunar da shi a ƙasa, suka jera guntayen waya a gabansa, da gwangwanin fentinsa, da makullin, suka cire masa hula, wani ya ɗauki hoto. Tun da nake ban taɓa ganin kan Baba ba hula a gaban mutane ba sai a wannan hoton. Kafin dare ya shiga kowace waya. Wata ƙawata ma ta turo mini, ba ta gane shi ba, ta rubuta a ƙasa, "Dubi tsoho da furfura."

Ya yi kwanaki a hannunsu. Ni da Goggo muka yi ta safa da marwa. Cikin mutanen da suka yi shekaru suna sallah a sahu ɗaya da shi, babu wanda ya taka ya je ya ce, "Mun san mutumin nan." Mijin ƙanwata kuwa an ce tafiya ta kama shi. Da suka rasa abin kama Baba da shi, suka sake shi, ba wanda ya ce masa yi haƙuri, ba wanda ya ɗauki hoton fitowarsa. Satin bai ƙare ba maƙwabci ya zo karɓar makullin masallaci. Baba ya shiga ɗaki ya ɗauko ya miƙa masa hannu biyu, ya ce, "Na gode da hutun." Daga ranar ya koma yin sallah a wani masallaci can gaba, yana takawa da ƙafarsa mai ciwo, inda ba a san shi ba.

Shekara na zagayowa, mijin ƙanwata ya tare a sabon gida a Gwallameji, bene mai tayil har waje.

Baffa ne ya gaya mini. Ya zo gidana, abin da bai taɓa yi ba, ya ƙi shiga, ya tsaya a ƙofa. Ya ce, "'Yata, akwai maganar da ta hana ni cin abinci." Ya ce ranar da aka wayi gari da ramin nan, da sassafe ya kora shanu bakin dogo, ya tarar da samari suna loda waya a mota, mai motar yana tsaye yana nuna musu turke na gaba. Ya san shi sarai, mijin ƙanwata ne, ya sha ganinsa tare da Baba. Ranar da aka saki Baba, Baffa ya je ya gaya masa, ya ce a shirye yake ya faɗa a gaban kowa. Baba ya riƙe hannunsa ya ce, don girman Allah, ya bar maganar a cikinsa.

Ban tsaya ɗaukar mayafin kirki ba. Na tarar da Baba a soro yana gyaran rediyo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Mamana yake kirana.

Ya dube ni ya ce, "Mamana, Baffa ya kasa ke nan."

Na ce, "Baba, ka sani? Tun kana can ka sani?"

"Tun da na ga ramin. Akwai inda wayar ke tsallaka dogo babu turke a wurin, ya faɗi tun da daɗewa. Ramin ya tsallaka daidai. Mutum ɗaya na taɓa nuna wa."

"Kuma ka yi shiru suka cire maka hula?"

Ya ajiye sukudireba. Ya ce, "In na buɗe baki, 'ya'yan ƙanwarki ne za a kira 'ya'yan ɓarawo. Ni tsoho ne, sunan ba zai daɗe a kaina ba."

Na ce, "To ai yanzu jikokin ɓarawo ake ce musu. Har da nawa."

Ya ce, "Jikan ɓarawo yana samun mata. Ɗansa fa?"

Na yi kuka, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa uba. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Ki bari sai ƙasa ta rufe mini ido. Daga nan bakinki naki ne, ke da Allah." Inna tana bayan labule ta ji komai. Ƙanwata kuwa, ko ba ta sani ba, ko ta sani ta zaɓi zaman gidanta. Har yau ban tambaye ta ba.

Bayan wannan ne Inna ta aiko mini wai Baba ya koma fita da asuba, amma ba ya ɗaukar fenti, fartanya yake ɗauka. Wata safiya na hau keke napep na bi shi. Na same shi can bayan gari ta ɓangaren Gombe, inda ɓarayin ba su kai ba, durƙushe a gaban wani farin turke yana kankare fentin da dutse. Da ya gama ya jawo ƙasa da fartanya ya rufe shi ruf, ya watsa busasshiyar ciyawa a kai. Na waiwaya baya, ban ga turke ko ɗaya ba. Duk ya binne su.

Na ce, "Baba, me kake yi haka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni na haska musu hanya. Fari fes, ko makaho zai bi."

"In jirgin ya dawo fa?"

Ya share gumi da bayan hannu, ya ce, "In ya dawo, ya nemi wanda zai tambaya."

Da ya gama da na ƙarshe ya ba wani mai sayar da ruwa kekensa kyauta. Bai sake ambaton dogo ba. In jikoki suka tambaye shi aikin da ya yi, sai ya ce, "Aikin gwamnati," ya kawo wata hira. Amma 'ya'yan ƙanwata bai taɓa canza musu fuska ba. In sun zo, su ne a kan cinyarsa, su ne masu cin rogon da yake soya musu da kansa. Gidan Gwallameji ne dai bai taɓa taka shi ba. An yi suna, an yi walimar sauka, kullum amsarsa ɗaya ce, "Ƙafata ba ta iya hawa bene."

A makonsa na ƙarshe jiki ya yi nauyi, muka taru a kansa. Wata la'asar mijin ƙanwata ya zo da lemo da kankana a leda. Baba ya buɗe ido ya gan shi, sai ya ce wa ƙanwata, "Auta, samo mini ruwan randa, na can ƙuryar gida, ba na firji ba." Ta fita. Muka rage ni da Inna da shi.

Mutumin ya tsuguna kamar yadda ya saba, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, zaman tare sai da saɓani. In akwai abin da na taɓa yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku yafe mini."

Baba ya lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Ka sani."



Baba ya ci gaba, ya ce, "Zaman da na yi a ƙasa ba hula, na yafe maka. Makullin masallaci, na yafe maka. Wannan nawa ne, na bar maka shi duniya da lahira." Ya tsaya ya ja numfashi. "Amma wayar nan ba tawa ba ce, ajiya aka ba ni. Ta mutanen Bauchi ce, da na Gombe, da duk wanda ya taɓa tsayuwa jiran jirgi. Ba ni da ikon yafe ta. Su sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

 Mutumin ya miƙe ya fita da baya, ko sallama bai yi ba. Ƙanwata ta shigo da moɗa a hannu tana tambaya ina maigidanta ya yi.  Na tallafo kan Baba, ya kurɓi ruwan, ya dube ta ya yi murmushi.

Ya ce, "Ruwan nan da sanyi yake. Allah ya yi miki albarka, Auta."

Shi ya yafe nasa. Ni ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan rubuta ƙarya a kan mamaci ba. Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, Kai ne ba Ka buƙatar shaida. Ka jiƙan sa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna haƙuri. Mu kuma da muka saura, Ka sanyaya mana zuciya in lokacin ya yi.